Wutar Sarkin Tudu da Tafiyar Yaya Sahabi

Kakarmu Ige ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar banda ce, wadda take kyafe kifin da Baba da Yaya Sahabi suka kamo, mu kuma jikoki mu kewaye ta bayan isha'i, hayaƙi na sa mu hawaye amma babu mai matsawa. Ƙauyenmu yana bakin tafki, ba nisa da Wara. Kaka tana da wani guntun kara da take juya kifi da shi. In ta ƙwanƙwasa shi a bakin murhu, sai ta ce, "Ga wata nan tahe daga ruwa, wa ka tarbonta?" Mu amsa da ƙarfi, "Mu ne, ta shigo!"

Shekarar da nake son ba da labarinta, ina 'yar firamare. Kawu Bawa, ƙanin Inna, ya zo daga Yelwa da talabijin a bayan babur, da batirin mota. Ya ce za a buɗe babban wasan ƙasashen duniya, bai kamata mu mutu ba mu gani ba. Aka ɗaura eriya a kan gora, gari duka ya taru a ƙofar gidanmu. Muka ga ƙasashe suna shigowa fili layi-layi, kowace da tutarta, ana kiran sunanta. Muka ga mutane sun shafe fuska da fenti suna rawa. Can sai wani ya shigo a guje riƙe da wuta, ya hau sama ya kunna ta a cikin wani ƙaton kasko, jama'ar filin suka ɗauki ihu, wasu har da kuka.

Washegari babu wata magana a garin sai wannan. Ladan ya ce shi dai bai ga bambancin abin da bautar wuta ba, ya kuma yi istigfari a kan kallon da ya yi. Malaminmu na makaranta ya ce ado ne kawai, kamar yadda ake buɗe kokawa da kiɗa. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne kiran sunan kowace ƙasa ɗaya bayan ɗaya, don ba a ƙirga dabbobin mutum haka kawai. Mata a bakin ruwa suka yi ta salati a kan 'yan matan da suka fito ba zane. Wani tsohon masunci kuwa ya rantse akwai abin da aka binne a ƙarƙashin kaskon, in ba haka ba me zai hana iska kashe wutar? Samari kaɗai abin ya burge, kuma a cikinsu babu kamar Yaya Sahabi.

Sahabi ya iya ruwa. Yakan faɗa tafki daga bakin garinmu ya fita a tsibiri ba tare da ya huta ba. Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce sai ga wani baƙo da usur a wuya, ya ce an turo shi neman yara masu ninƙaya da tuƙin jirgi, za a kai su birni a horar da su, wata rana su ma su shiga irin wancan fili bayan tuta. Ya jera samari a bakin ruwa ya busa usur. Sahabi ya zo na ɗaya, abokinsa Audu na biye. Baƙon ya ce zai dawo ranar kasuwa ya tafi da su in iyaye sun yarda. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A yammacin nan Kaka ta ƙwanƙwasa kara tun kafin mu gama cin tuwo. Sahabi ya girmi zaman tatsuniya, amma ta ce ya zo ya riƙe mata faifai. Baba kuma yana gefe yana ɗinkin taru kamar ba ya ji.

Ta ce a wani zamani an yi Sarkin Tudu, wanda ƙasarsa ba ta da ruwa. Sai ya aika makaɗa bakin kogi suka yi shela cewa zai yi wasan da ba a taɓa yi ba, yana gayyatar duk abin da ke cikin ruwa. Ya haƙa musu babban kududdufi a gindin dutse don kada su sha wuya, ya kunna wuta a kan dutsen wadda ake hangowa daga ko'ina. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowane iri ya shigo a layi, ya faɗi sunansa da gurbin da yake kwana, don a yi masa kirari. Giwar ruwa ta shigo tana taƙama ta faɗi nata. Tarwaɗa ta faɗi nata. Kurungu, ƙarfasa, ayu, har dorina, kowa ya faɗa, aka yi masa guɗa. Tsohuwar kififiya ce kaɗai ta tsaya a baya tana tambaya, "In duk mun tahi kallon wuta, wa za a bar wa kogi?" Aka ce mata tsufa ne ke damunta.

Kaka takan rage murya in ta zo wurin da ya fi tsoro. Ta ce suna can sun ɗaga kai suna kallon haske, mutanen Sarkin Tudu suka bi guraben nan ɗaya bayan ɗaya, tunda an faɗa musu, suka kafa taru a bakin kowanne. Da wasa ya watse, kowa ya koma gida da murna, kuma a ƙofar gidansa aka kama shi. Kififiya ta tsira, amma ta rasa wanda za ta yi wa magana, shi ya sa har yau ba a jin muryarta.

"Na aje ta nan bakin wuta," in ji Kaka, "mai so shi ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya. Ta juya ta dubi Sahabi. "Kai da ka san ruwa, in tambaye ka. In ubanka ya kunna fitila cikin jirgi, kifi sunka taru, don ƙaunarsu shika kunna ta?"

Sahabi ya ce, "Kaka, wannan wasa ne na mutane, ba na kifaye ba ne."

"Wanda ya kunna wutar, ka san shi? Wanga mai usur, ka san gidan ubanshi?"

Ya ajiye faifan ya tashi.

Da safe Baba ya ce Sahabi ba zai je ba. Ranar kasuwa baƙon ya tafi da Audu shi kaɗai. Yayana ya ɗauki jirgi ya wuni a tsakiyar ruwa, ya dawo ba ko kifi ɗaya. Bai taɓa yi wa Kaka musu ba, yana gaishe ta, yana kawo mata itace, amma bai ƙara zama a bakin wutar nan ba.

Sai da na girma Inna ta gaya mini inda tatsuniyar ta samo asali. Garin da aka haifi Kaka yana ƙarƙashin tafkin nan. Ranar da aka zo sanar da su cewa za a gina madatsa, ruwa zai ci garin, da kiɗa aka zo, da tutoci, da manyan baƙi masu jawabi. Aka kira kowane mai gida da sunansa, ya fito ya faɗi gidansa da gonarsa, aka tafa masa. Kaka tana amarya a lokacin, har rawa ta yi. An ba su sabon mazauni, ba a bar su a sarari ba, amma kabarin uwarta da tsamiyar ƙofar gidansu suna can ƙasan ruwa. Tun daga ranar, in ta ga taro ya cika kyau, sai hankalinta ya tashi.

Mun jira mu ji mugun labarin Audu, bai zo ba. Bai shiga wani fili bayan tuta ba, amma ba a sayar da shi ba kamar yadda mata suka yi ta faɗa. Ya yi shekaru yana horo, daga baya ya samu aikin koya wa yara ninƙaya a birni. Yakan zo da sallah, su gaisa da Sahabi, hirar ba ta yin tsawo. Kaka ta rasu ba ta canza ra'ayi ba. In an ambaci Audu sai ta ce Allah ne ya kiyaye, ba kirkin mai usur ba.

Yanzu ina koyarwa a Yelwa. Duk sanda aka buɗe irin wancan wasa, wayata takan cika da saƙonnin murya. Wannan ya ce ya ga alamar matsafa a cikin rawar, wancan ya ce an yi ne don a lalata mana tarbiyyar yara, wani ya ce duk rufa-rufa ce don kada a ga abin da manya ke ƙullawa. Nakan ji muryar ladan da ta mai nono a cikinsu. Ba na yi musu dariya, don ni ma in na ga fili ya cika da haske, sai na kama kaina ina neman wanda ke tsaye a bayan hasken. Wannan gadon Kaka ne, kuma ya sha tsare ni. Sai dai na daɗe ina tunanin cewa tambayoyin da ta yi wa Sahabi tambayoyi ne da ke da amsa. Wara, inda hukuma take, ba nisa, baƙon yana da suna, yana da inda ya fito. Babu wanda ya tashi ya je ya bincika. Tsoro ya ishe mu, muka tsaya a nan.

Bara aka zaɓi Nana, 'yar Sahabi, a gasar gudu ta makarantu, aka ce za a kai su Birnin Kebbi horo. Dangi suka yi caa, kowa da abin da ya ji ana yi wa 'ya'yan mutane. Sahabi bai yi shawara da kowa ba. Ya ja jirginsa tudu ya kife, ya shiga mota tare da yarinyar. Malamar da ta raka su ta ce mini ya hana kowa sakat. Sai da ya ga ɗakin kwanansu, ya ɗanɗana abincinsu, ya tambayi mai horon sunan garinsu da na mahaifinsa, sannan ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiya a bakin filin, bai tashi ba har aka gama.

Da suka dawo ya biyo ta gidana. Na kawo masa ruwa, na ce, "Yaya, to ya ka gan su?"

Ya sha, ya goge baki. "Har yanzu ban yarda da su ba, Hajo."

Ya kalli Nana da ke kwance takalmi a bakin ƙofa, sannan ya ce, a hankali don kada ta ji, "Amma ɗiyar nan tana da gudu. Zan maishe ta."