Yadda Aka Kai Malama Nuala Majalisa

Fintan Tierney direban motar madara ne tun ina ƙarama. Kafin gari ya waye ya zaga gonakin Glenaska kaf, ya kwashe madarar ya kai masana'anta, ya dawo yana ƙarnin nono. Dogo ne, mai manyan hannaye, kuma maganarsa ba ta wuce gaisuwa da batun ruwan sama. Babu wanda zai tuna da shi in da bai auri Malama Nuala ba.

Malama kuwa ita ce shugabar makarantar ƙauyen, kuma duk wanda ya kai shekara arba'in a nan ta hannunta ya bi. Ba ta duka, ba ta ma buƙatar bulala. Kallo ɗaya za ta yi maka ka shiga taitayinka. Ni kaina ta taɓa tsayar da ni gaban aji saboda dattin farce, har yau ban manta ba. Da ta auri direba mutane suka yi ta surutu, wai me ta gani. Ba su haihu ba. Duk Lahadi ka gan su sun nufi coci, ita a gaba da hular gashi, shi a baya riƙe da lema.

Bayan sun yi ritaya sai aka daina ganinta. In an tambayi Fintan ya ce ƙafa ce, wata rana ya ce mura. Sai daga baya muka san ciwon mantuwa ne ya kama ta. Tun tana gane abin da ke faruwa da ita ta sa shi ya yi mata alkawari biyu: kada wanda ta koyar ya gan ta a haka, kuma kada a kai ta gidan tsofaffi. Ya riƙe alkawarin shekara da shekaru shi kaɗai. Shi ne wanka, shi ne wanki, shi ne gyaran shimfiɗa in ta ɓata. Ta manta sunan kowa har nasa, amma ba ta buɗe baki ta karɓi abinci sai daga hannunsa.

Ni ce ke da mashayar da ke bakin gada, kuma a ɗakin baya na mashayar ɗan majalisarmu, Ultan Gavigan, yake zaman sauraron jama'a a Asabar ɗin farko ta kowane wata. Mutane su yi layi a kan benci, kowa yana yi wa na kusa da shi ƙarya, wai ramin hanya ya kawo shi. Ban taɓa ganin ƙauye mai yawan ramuka irin namu ba.

Gaskiya ɗaya ce, Ultan ba malalaci ba ne. Gadar nan da ta kusa rushewa shi ya yi ta ihu har aka gyara. Farashin shanu, kason kamun kifi, rufe ofishin 'yan sanda, yaƙin wata ƙasa da bai san inda take ba, babu wanda bai miƙe ya yi magana a kai ba. Sau da yawa zauren majalisar babu kowa sai shi da kujeru da wani minista mai gyangyaɗi. Bai damu ba, don ba da su yake ba. Da mu yake. Gidan rediyon yankinmu yana sako muryarsa duk safiyar Juma'a, kuma ya san a kowane kicin rediyo a kunne yake.

Wata Asabar sai ga Fintan a kan bencin, hula a gwiwa. Da layi ya zo kansa ina ciki ina ajiye shayi, kuma tun da ɗakina ne ban yi saurin fita ba. Buƙatarsa ba ta taka kara ta karya ba. So yake hukumar lafiya ta turo mace mai kula da marasa lafiya safiya biyu a mako, baƙuwa wadda ba 'yar ƙauyen ba, don ya samu ya je cefane ya kuma ga likitan ido. Ultan ya yi ta gyaɗa kai, sannan ya tambaye shi yanzu in zai fita yaya yake yi.

Fintan ya murza hular. Ya ce Malama ta taɓa ɗora hannu a kan murhu, ta kuma taɓa fita titi da rigar barci. Don haka in zai fita yakan zaunar da ita a kujerarta, ya zagaya gyalenta a ƙugunta ya ƙulla a bayan kujerar, sako-sako, ya kunna mata rediyo.

"Tsakanina da kai ne fa, ɗan Packie," in ji shi. "Ubanka abokina ne, shi ya sa na zo."

"Haba Fintan, mutumina. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Ni dai na ga idon Ultan lokacin da aka ambaci gyalen nan. Irin idon da mahauci ke yi in ya hangi sa mai ƙiba. Na kwashe kofuna na fita.

An ce Ultan ya fara buga wa hukumar lafiya waya tukuna, aka gaya masa layin masu jira dogo ne, sai dai haƙuri. Sai ga muhawara ta taso a majalisa kan kula da tsofaffi a karkara, aka ba shi 'yan mintuna.

Juma'ar da ta biyo ranar kasuwar shanu ce, mashaya cike da manoma suna karin kumallo. Fintan ya shigo sayen burodi da miya a roba kamar yadda ya saba, yana tsaye gabana ina haɗa masa. Sai muryar Ultan ta cika ɗakin.

"Ba zan faɗi sunansa ba, ya mai girma shugaba, don na yi masa alkawari. Wani dattijo ne a mazaɓata, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar madara. Matarsa ta shugabanci makarantar ƙauyensu, ta koyar da ni kaina. Yau ba ta san sunanta ba, ba ta iya riƙe bayan gida. In zai je sayen burodi sai ya ɗaure ta a kujera. Ya ɗaure ta, ya mai girma minista, a ƙasar nan tamu!"

Wai bai faɗi suna ba. Wannan ai ya wuce jirwaye mai kama da wanka, wankan ne gaba ɗaya har da sabulu. A babban birni ƙila direban madara dubu ne. A Glenaska ɗaya ne, kuma ga shi nan tsaye da burodi a hannu.

Cokula suka tsaya. Sai Mossie Culhane, wanda Malama ta taɓa sa ya wanke bencinsa gaban 'yan mata don ya yi fitsari a wando, ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur. Ya ce ashe duniya juyi-juyi ce, yau Malama ce a kujerar horo. Wani ya tambayi Fintan ko ya ƙulla da kyau kafin ya fito. Na kori Mossie, amma an riga an yi dariyar, kuma ba shi kaɗai ya yi ba. Fintan ya ajiye burodin ya fita. Can gida kuma rediyon da ya kunna mata yana nan a kunne.

Daga ranar gidan da babu mai zuwa ya zama kasuwa. Mata suka yi ta gasa waina suna kaiwa, wai dubiya. Ƙarya suke, kallo suka je. Fintan yana karɓa a bakin ƙofa, su kuma suna miƙa wuya ta kafaɗarsa. Wadda ta dace ta hango ta sai ta zo mashayata tana ba da labari: gashi ya zube, haƙora babu, ga wari. Abin ya ƙona mini rai. Matar nan ta tsananta mana, ban musa ba, amma ita ta koya wa duk wata mai baki a cikinsu rubuta sunanta.

Ba a yi mako biyu ba ma'aikatan jin daɗin jama'a suka iso, mata biyu masu ladabi da murmushi. Doka ta ce in an ji ana ɗaure babban mutum dole a bincika, kuma wannan ba a lungu aka ji shi ba, a zauren majalisa aka faɗa. Suka tambayi Fintan ko gaskiya ne. Mutumin da bai iya ƙarya ba sai ta ƙafa da mura, ya ce gaskiya ne, har ya ɗauko musu gyalen. Suka ce zamanta a gidan akwai haɗari. Ya ce shi mai taimako kawai ya nema. Suka ce ai wannan wani sashe ne daban.

Da rana tsaka suka zo ɗaukarta. Ban taɓa ganin ranar da maza suka so wanke mota a layin nan kamar ranar ba, kowa ya fito da bokiti. Aka turo ta a keken marasa lafiya, an lulluɓa mata bargo. Ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga bayanta ya miƙe, tsohon kallon nan ya dawo, har wasu suka sunkuyar da kai. Ta juya ga mijinta.

"Wa ya gaya musu?"

Aka ɗaga ta aka sa a mota.

Gidan tsofaffin da aka samo mata gurbi a ciki yana can bayan duwatsu, kuma motar haya ba kullum take zuwa ba. Fintan idonsa ya hana shi tuƙi. In ya je ma, da fari ba a barinsa da ita su biyu, sai da ma'aikaciya a zaune tana lura da hannayensa. Ranar da yake nan ta ci, ranar da ba ya nan ta datse baki. Suka yi lallashi, suka sauya abinci, a banza.

Fintan ya sake hawa bencina ya jira layi, ya roƙi Ultan ya sa baki a dawo da ita. Ultan ya ce magana tana hannun likitoci, shi ba ya tsoma baki a aikin ƙwararru. Sannan ya juyo masa da waya ya ga yawan mutanen da suka kalli jawabin, ya ce har minista ya kira shi gefe ya yaba. Wasu sun ce ramuwa ce Ultan ya yi don Malama ta taɓa kiransa daƙiƙi. Ni ban yarda ba. Da ramuwa ce da da sauƙi. Mutumin nan har zuciyarsa gani yake alheri ya yi.

Kafin ciyawa ta fito ta rasu. A akwatin gawa ba ta fi yarinya ba.

Jana'iza a nan ba ta wuce ɗan majalisa, ko ta wa ce. Bayan an rufe kabari aka yi layin gaisuwa, ina bayan Ultan kaɗan. Ya kama hannun Fintan da hannu biyu ya yi masa ta'aziyya, ya ce wannan mutuwa ba za ta tafi a banza ba, zai tayar da maganar mako mai zuwa. Fintan ya riƙe hannun bai saki ba.

"Ɗan Packie, don girman Allah ka bar ta. Ka bar ta ta kwanta. Na roƙe ka."

Ultan ya dafa kafaɗarsa ya ce ya fahimta, ya wuce gaisa da limamin coci.

Juma'a ta zagayo, sai ga shi a rediyo. Wannan karon ya faɗi sunanta cikakke, da sunan ƙauyen, da na makarantar. Ya maimaita kujerar da gyalen da sauran abin da ba ya faɗuwa, ya ƙara da yadda ta rame. Muryarsa har rawa take.

"Mijinta ya riƙe hannuna a bakin kabari, ya mai girma shugaba. Ya roƙe ni. Ba zan manta da roƙon nan ba."

Bai yi ƙarya ba, an roƙe shi. Aka tafa masa. Jaridar yanki ta buga hotonta na ranar ritaya a shafin farko, kuma da zaɓe ya zo Ultan ne ya fi kowa ƙuri'a, har da na akwatin Glenaska. Mutane suka koma yaba wa Fintan, wai namijin duniya ne da ya yarda a fallasa komai don amfanin wasu. Mossie Culhane da kansa ya buga masa baya ya ce zai saya masa giya.

Fintan yana nan da rai, ya rage tsawo. Ba ya shigowa sai lokacin da ya san babu kowa, bayan abincin rana. Kwanan baya ina naɗe masa burodi ya tsaya yana kallon teburin ciniki.

"Breege," in ji shi, "ke da kike jin maganganunsu. Abin da aka faɗa a majalisa, in mutum ya je ya roƙa, ana gogewa?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce ba a gogewa. Duk kalmar da aka furta a zauren nan ana adana ta, wanda ya ga dama ya buɗe ya karanta ko bayan shekara ɗari.

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko jikokin Mossie ma za su iya karantawa, na ce za su iya. Ya sa burodin a hammata, ya ce da alama za a yi ruwa, ya fita.