Tumatirin Mama a Bokitin Fenti

Mama ta zo Doha yi mini wankan jego, sai korona ta rufe hanya. Tana tare da mu a ɗan gidanmu na unguwar Al Muntazah aka bugo waya daga ƙauye cewa Baba ya rasu. Aka binne shi, ba ita, ba ni.

Na zaci za ta yi kukanta ta huta. Ina! Sai ta tattara hankalinta kaf kan tumatirin da ta shuka a bokitin fenti a baranda. Guda ɗaya ya nuna jawur. Na dawo daga aikin jinya, ƙafafuna sun kumbura, na miƙa hannu zan tsinka in jefa a miya.

"Kul!" in ji Mama. "Nunan fari ne, sai ya je coci."

"Haba Mama, wace coci? An garƙame cocinmu na Mesaimeer! Kuma a gida ai da kaka ake kai nunan fari, buhu-buhu, ba ƙwayar tumatir ba."

Nan fa ta zaunar da ni kamar 'yar makarantar Lahadi. Wai Isra'ilawa, bayan Idin Ƙetarewa, suna kai damin hatsin farko, firist ya kaɗa shi a gaban Ubangiji, kafin nan ba mai ɗanɗana sabon amfani. Wai kuma a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. Ni dai yunwa nake ji, raina ya ɓaci. Tumatirin ya fara laushi, tana ta gadinsa, ko mijina ya leƙa baranda sai ta bi shi da harara.

Ranar Ista, idin tashin Yesu, aka yi sujada ta waya. Mama ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta tsinke abinta, ta tsaya gaban wayar tana kaɗa shi sama da ƙasa, jama'a duk suna kallo. Fasto ya ɗauka tambaya gare ta. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Da aka tashi na ce, "Mama, kin ba mu kunya!"

Ta dube ni. "Ke yarinyar nan, manomi in ya kai damin farko, ya san sauran gonar na nan tafe. Yesu ne ya fara tashi. Babanki yana cikin sauran gonar. Ban ga sa shi a ƙasa ba, ki bar ni da wannan."

Na tashi na ɗebo ruwa, na ba sauran tumatirin.

Shekarar gasar cin kofin duniya mai gidan da muke haya ya tashe mu don baƙin ƙwallo. Na rungumi bokitin nan a cinyata cikin motar kaya, ina mita, ƙasa na zubo mini a zane. Mama ta koma gida tun da aka buɗe hanya, bara kuma muka binne ta kusa da Baba. Har yau ina shuka tumatir, kuma duk wanda ya taɓa na farkon zai ji ni.