Cokalin Mastura

Idan kuka je biki a unguwar Sa'alaba kuka ga wata mace zaune can bakin ƙofa inda iska ke shigowa, ba humra a jikinta, ba turaren wuta a mayafinta, to Mastura ce, matar ƙanena Bilal. Mu Hausawan Sudan mazauna ƙasa mai tsarki, mace ba ta fita unguwa sai ta yi ƙamshi. Amma ita shekaru ke nan ko sabulu mai turare ba ta taɓawa. Mata suna tausaya mata. Ni kam ba na tausayinta, kishinta nake yi, kuma ba na ɓoyewa.

A unguwar Madain Fahd aka haife ta, 'yar wani tela. Hausarta ma ba ta nuna ba, rabi Larabci ne. Da aka kawo ta gidanmu na ce wannan ai ko kaza ba za ta kora ba, don sai ka kasa kunne kafin ka ji sallamarta.

Mahaifinmu, Malam Usuman, sana'arsa dafa ruwan wardi. Duk shekara idan furen wardi na Ɗa'if ya buɗe, Bilal yakan ɗauko buhuna da sassafe a motarsa, a hau da su saman bene inda tukunyar Baba ta jan ƙarfe take. A zuba fure da ruwa, a liƙe murfin da ƙullu, a kunna wuta. Tururi ya bi bututu ta cikin durom na ruwan sanyi, ya fito yana ɗiga. Ɗigon farko ba na sayarwa ba ne. Warin tukunya ne da ɗanyen ganye, kofi ake tara masa a zubar. Bayansa ne na kirki yake zuwa, wanda ake kira arusa, wanda masu alewa na kasuwar Bab Makka suke rububi. Gwanintar duka tana wurin sanin lokacin da za a janye kofi a tura kwalba. Ka yi gaggawa, wari ya ɓata maka kwalba guda. Ka yi jinkiri, ka zubar da mafi kyawun ruwan a rariya. Ba agogo, ba ma'auni, hanci ne kawai.

Ni Latifatu, tun ina 'yar ƙarama aikina ke nan, Baba ya miƙo mini kofin ɗigon farko in kai rariya. Bilal bai taɓa damuwa da tukunya ba, shi dai mota. Don haka na ɗauka wata rana ni zan zauna a kujerar nan. Wa kuma ya rage?

Sai ga Mastura. Shekararta ta farko a gidan, ta hawo da shayi ana cikin dafawa. Ta ajiye tire, ta juya za ta sauka, sai ta tsaya cak. Hancinta ya ji ruwan ya juya, Baba kuwa yana can yana gyara wuta. To surukinta ne, ba ta iya ɗaga murya a gabansa, balle ta gaya masa aikinsa. Sai ta ɗauki cokalin shayi ta ƙwanƙwasa gefen kofin gilashi. Ƙil. Baba ya waiwayo, ya tara yatsa ya shinshina, ya yi maza ya tura kwalba. Ina tsaye na ga yadda ya bi ta da kallo har ta sauka, kallon da ni ban taɓa samu ba.

Daga nan duk dafawa sai ya ce a kawo shayi, ko yanzu ya sha. Ita kuma ta tattara humrar aurenta ta rabar. Ta daina yaji. Idan maƙwabta suka kunna turare sai ta rufe taga. Bilal ya yi mita har ya gaji.

Na taɓa tare ta a kicin.

"Ke ba ki gajiya da zama kamar marar lafiya?"

Ta yi murmushi. "Yaya, idan na sa turare, halas, shi ke nan, hancina ya rufe. Ba na jin komai sai kaina."

Wallahi da ta rama mini da faɗa da na fi jin daɗi.

Shekarar korona Baba ya kwanta. Ya tashi, amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Ko albasa aka yanka a gabansa ba ya ji. Ya ci gaba da zama a kujerarsa, hannunsa kan kwalba, yana jiran cokali. Bara da azumi ya tara mu ya ce ƙarfinsa ya ƙare, dafawar bana ce ta ƙarshe, bayanta zai bar tukunyar ga wanda ya san ruwan.

Na koma gida ban ci abinci ba. Tukunyar ubana! Wadda na goge da toka da lemon tsami har hannuna ya tsage! Na kwashe kwalaben humrata na kulle a akwati, na ba ƙanwar mijina kaskon turare. Na wanke mayafaina har ban san adadi ba. Na bar yaji, na bar gahawa. Mijina Zaharaddeen ya shigo ɗaki ya shinshina ya ce, "Lafiya? Ko gidan wani na shigo?" Na ce ya kiyaye ni. Wata da watanni na yi a haka, kuma abin haushin, maganar Mastura gaskiya ce. Na fara jin ƙamshin burodi tun daga kan layi.

Ranar ta zo. Bilal ya sauke buhuna, aka liƙe murfi, aka kunna wuta. Na durƙusa daf da bututu. Mastura tana can baya da tirenta, kanta a ƙasa. Ɗigo ya fara. Na ji warin ƙarfe, na ji ɗanyen ganye. Ya rage, ya rage. Sai na ji wani abu mai daɗi ya taso daga ƙarƙashinsa, kamar an buɗe ƙofar lambu.

"Yanzu, Baba! Yalla, yanzu!"

Ya ji ni sarai. Hannunsa yana kan kwalba, amma bai motsa ba. Ya karkata kunnensa baya.

Ƙil.

Ya tura kwalba.

Mastura ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta buɗe baki a gabansa. Ta ce, "Baba, Yaya ta riga ni ji."

"To, madalla," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka, Mastura. Matso nan ki zauna."

Ya tashi daga kujerar yana dafa bango. Ya ɗauki kofin ɗigon farko ya miƙo mini, ko fuskata bai duba ba.

"Latifatu, zubar da wannan."

Na karɓa na kai rariya.