Ɗigon da Kawu Dakta Ya Ƙi Gogewa

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Dakta ya san ba ya amsa gaisuwa kai tsaye. Sai ya ɗaga gira ya ce, "Lahiya lau, kashi casa'in da biyar cikin ɗari. Ɗari cif ta Allah ta." Wai shi masanin lissafin tattalin arziki, ba ya faɗin abin da bai auna ba.

Da aka gayyace mu, ni da shi, mu rubuta babi a wani littafin malaman jami'a, na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Babin nan kaɗai ya rage mini in samu ƙarin girma. Shi kuwa ya yi ritaya ya dawo Illela, ko a jikinsa.

Da fensir ya rubuta nasa ɓangaren, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Edita ya ce a turo ta imel, Kawu ya damƙa wa direban motar albasa mai zuwa kudu.

Na ce, "Innalillahi! Kawu, motar albasa?"

"To mi? Ka taɓa jin albasa ta ɓace hanya?"

Edita ya kira ni ya ce babinmu ne na farko da ya sa shi hawaye.

Babin ya nuna cewa in farashi ya tashi, makiyaya kan sayar da shanu. Duk ɗigogin jadawalinmu sun bi layi, sai guda ɗaya can gefe, wani Bafulatani na Gidan Katta da bai sayar da ko ɗaya ba. Edita ya ce kuskure ne, mu goge cikin kwana uku ko ya cire babin. Maimakon ya ɗauko abin gogewa, Kawu babur ya hau, sai Gidan Katta! Sai la'asar ya dawo.

"Ba kuskure na ba. Shanun habbanaye na, abokinai na ƙetare ya ba shi aro su haihu mai. Ana sai da amana?"

"Kawu, ɗigo ɗaya ne fa! Ƙarin girmana fa?"

"In goge mutum don ya riƙe amana? Goge sunana dai."

Aka cire babin. Wallahi na ji haushi, wata biyu ban taka gidansa ba.

Ana cikin haka Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar ukunsa, sai ga wani tsohon Bafulatani janye da karsana, yana tambayar ɗan da aka hana girma saboda shi. Ashe Kawu ya koma ya gaya masa. Tsohon ya miƙo mini igiya ya ce, "Habbanaye ta. Riƙe har ta haihu ma."

Baki buɗe na karɓa, ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba. A nan kukan da na danne kwana uku ya kufce mini.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe mini watanni biyun nan. Allah ya sa ka cikin masu riƙon amana, ya haskaka makwancinka. Amin.