Dabinon Kaka da Ba Shi da Suna

Shekaranjiya maƙwabcinmu a nan unguwar Azizya ta Madina ya kira masu injin zarto su rage masa rassan magarya. Ina jin ƙarar nan na ajiye wankin da nake yi, zuciyata ta hau tafasa kamar yau abin ya faru. Shekaru sun ja, amma wallahi ban huce ba, kuma kada ka ce mini in yi haƙuri. Haƙurin na yi shi, mantawa ce na ƙi.

A Ranuna na tashi, kusa da Ƙuba, a gidan kakata mahaifiyar babana. Lokacin gonakin dabino na kewaye da mu. Kaka tana kiwon awaki, abincinsu kuwa ƙwallon dabino ne: a tara, a jiƙa a baho kwana da kwanaki har ya yi laushi, sannan a daka. Warin jiƙon nan mai tsami-tsami shi ne warin filin da ke bayan gidanmu. Kafin ta zuba a ruwa sai ta baza su a faifai tana tonawa da yatsa. Ko daga bishiya ɗaya suka fito, ba ka samun biyu iri ɗaya: wani siriri, wani guntu mai tumbi, wani tsagarsa ta yi zurfi. Wanda ya kwanta mata a rai sai ta ƙulle shi a bakin mayafi.

Haka ta binne guda tara a inda ruwan alwala ke kwarara. Manoman unguwa suka yi ta yi mata dariya. A Madina ba a shuka dabino da ƙwallo. Ɗan da ke tsirowa a gindin uwa ake cirewa a dasa, shi ke fitowa sak uwarsa. Ƙwallo kuwa ba shi da alkawari, ko na ajwa ka binne, abin da Allah ya ga dama shi zai ba ka. Kaka ta ce ai ita ma ba sak uwarta ta fito ba, kuma ba a zubar da ita ba.

Ina 'yar mitsitsiya aka yi shukar, sai da na isa ɗaukar azumi muka ga sakamako. Biyar suka rayu. Uku maza ne, ba sa 'ya'ya. Ta huɗu ta yi masu bauri, ko awaki sai sun yi shawara. Ta biyar fa! Da zafi ya kankama ta nuna, ja mai duhu, fata siririya, ka sa a baki ya narke, zaƙin ba ya hawa kai, daga ƙarshe ka ji ɗan garɗi kamar na soyayyiyar gyaɗa. Masu dariyar nan su ne suka riƙa aiko da kwano. Suka juya, suka ɗanɗana, suka ce ba su san irinsa ba. Ba shi da suna. Mu dai dabinon Kaka muke ce masa.

Bayan rasuwarta gida ya koma hannun Baffa, yayan babana. Ya sayi mota, yana neman inda zai yi mata rumfa, idonsa ya faɗa kan bishiyar. A lokacin akwai 'ya'ya biyu ƙanana a gindinta. Wani tsohon manomi ya ce a bari sanyi ya wuce, zai zo da ƙarfensa ya cire su ya dasa. Wata huɗu kacal. Na je na durƙusa gaban Baffa na roƙe shi. Babana yana zaune kansa a ƙasa, don bai taɓa musu da yayansa ba.

Baffa ya ce, "Ya binti, 'yata, wannan ba ajwa ba, ba safawi ba. Ko a kasuwa ba mai tambayarsa. Ga ƙwallayensa nan cike da gwangwani, ki shuka ɗari in kina so. Halas, magana ta ƙare."

Na ce, "Baffa, ƙwallo ba ya maimaita uwa."

Ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa dabino.

Ka ji fa. Mutumin da aka haifa a tsakiyar gonaki, ya ci dabinon nan har yana lasar yatsa. Ba rashin sani ba ne, ya sani sarai. Raini ne tsagwaronsa: abin da tsohuwar Bahaushiya ta shuka, wanda ba shi da suna a bakin Larabawa, a wurinsa ba komai ba ne. Wata rana da azahar na dawo daga makaranta na tarar an gama. Ba uwar kaɗai ba, har 'ya'yan an sassare su tare da gindin, an watsar a rana. Washegari aka zuba siminti. Motar da aka yi wa wannan ɓarna kuwa, ko shekara uku ba ta yi a hannunsa ba.

Na ɗauke gwangwanin. Da na yi aure na binne goma sha biyu a gonar dangin mijina a Aƙiƙ, na yi ta jira kamar mai jiran haihuwa. Maza suka fi yawa. Matan kuwa, wata busasshiya kamar ƙaiƙayi, wata zaƙi zalla babu garɗi. Kowace da halinta, ban ga laifinsu ba, amma babu ita a cikinsu.

Yanzu gonakin da suka rage layi-layi ne, kowace bishiya sak 'yar'uwarta, kwalaye da suna a jiki. Wa ke da lokacin binne ƙwallo ya zauna jiran abin da zai fito?

Bara da zafi na je gaishe da Baffa. Ya tsufa tukuf, haƙora sun zube, mantuwa ta kama shi. Aka kawo masa ajwa mai kyau, ya mamula ɗaya, ya ture farantin. Ya dube ni ya ce, "Ba na Inna? Mai laushin nan?"

Na buɗe baki zan amayar masa da abin da na daɗe ina ajiye da shi, babana da ke zaune a gefe ya girgiza mini kai. Na ce, "Babu, Baffa."

Ya ce in dai leƙa bishiyar a bayan gidan, ai yanzu ne lokacinsa.