Man Kwance Noti da Munduwar Kaka Adiza

Na daɗe ina gyaran manyan motoci a gefen hanyar Kumasi, can wajen Dungu, kuma duk direban da ya san ni zai gaya maka Masta Fuseini ba ya karya noti. Su yabo suke yi. Ni kuwa in na ji sai gabana ya faɗi, don akwai ƙarfe ɗaya da na yanka wanda bai kamata in yanka ba, kuma ba a jikin mota yake ba. A hannun kakata yake.

A unguwar Sakasaka ta Tamale na tashi, a gidan Kaka Adiza, uwar babana. Sana'arta man kaɗe. Da an idar da magariba sai ta ɗora tukunyar man a murhu, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, mu jikoki mu zagaye ta da kwanukan tuwon zafi da miyar ayoyo. Hayaƙi na shiga mana ido, ba mai matsawa. Tana juya muciya, wata munduwar tagulla mai kauri tana bugun bakin tukunya, ƙwal, ƙwal. Ta uwarta ce, uwar ma ta gada. Tun ina yaro take ce mini in na haifi 'ya mace, ita za ta gaje ta, kuma ɗungurungum za ta karɓe ta kamar yadda ita ta karɓa.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga muciya sau biyu ta ce, "Wa zai ara mini kunne in biya shi da ƙanzo?" Mu duka mu miƙa wuya.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Ladi da tulu. Wai wata yarinya ce, Ladi, zobenta ya faɗa cikin tulun uwarta, tulun gado da ruwansa ba ya yin ɗumi ko a tsakiyar bazara. Ta zura hannu ta ɗauko zoben, hannu ya ƙi fita. Aka kira ɗan kokawa, ya ja, ya ja, har hannun ya kumbura. Aka kira maƙeri, ya zo da guduma ya ce a kauce ya fasa. Uwar ta faɗi a kan tulun tana kuka. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa mai tallan mai, da ƙoƙuna uku a kanta. Ta ajiye manja gefe, ta ce kiran tururuwa zai yi. Ta ajiye man gyaɗa, ta ce gangarewa zai yi cikin ruwa ya bar hannun yadda yake. Ta ɗebi man kaɗe, ta ce shi ne ke narkewa a hankali da ɗumin jiki, ya shiga inda yatsa ba ya shiga. Ta shafa a wuyan hannun, ta zauna tana yi wa yarinyar hira. Yamma ta farko, yamma ta biyu. A ta uku Ladi tana tsakiyar dariya ta manta da tulun, hannu ya sulluɓe, zobe a yatsa, tulu ko tsagewa bai yi ba.

Ni duk lokacin da aka zo kan maƙerin nan sai in miƙe in ce a fasa kawai mana, a sayi wani. Kaka ta nuna ni da muciya ta ce, "Ku ji maigidana mai guduma. Wannan in na maƙale a ƙofa, bango zai rushe mini a ka." Kowa ya kwashe da dariya, ni ma ina ciki.

Da na shiga aikin gareji na tarar tsohuwar nan mai ƙoƙuna uku gaskiya ta faɗa. Notin da ya sha ruwan damina da jar ƙasar hanya har tsatsa ta haɗa shi da ƙarfen mota, ba ƙarfi yake so ba, sai ka zaɓa masa mai. Baƙin mai na inji bai da amfani, kauri gare shi, a waje yake tsayawa yana ƙyalli. Kananzir na shiga, amma kafin ya yi aiki ranar Tamale ta shanye shi. Na gwangwani da ake fesawa ya isa ƙananan notin da ba su daɗe ba. Amma notin taya ko na sifirin ɗin tirelar da ta shekara a ajiye, ni man giyar mota nake sirkawa da dizal, in goge tsatsar da burushi, in ɗiga, in ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma don man ya sami hanya, in naɗe da tsumma, in tafi abina. Gobe in ƙara. Direba ya yi ta zagaye yana huci, in ce masa ya je ya sha koko. Da wannan na yi suna.

To, shekarar da 'yata Memuna ta shiga makarantar sakandare, jikin Kaka ya fara kumbura. Munduwar ta nutse a wuyan hannunta. Wata nas 'yar kudu da ke duba ta ta ce lallai a cire cikin makon nan kafin ta hana jini gudu. Kaka ta aiko a ce mini in zo bayan magariba, kwana uku a jere, kada in zo da komai, tana da mai.

A ranar akwai tirelar doya a garejina, notin tayar baya huɗu sun kafe. Direban, Kwabena, tun safe yake bina da Hausarsa ta kasuwa, yana cewa, "Masta, mota na bai tashi yau? Doya zai ruɓe." Na jiƙa notin, na naɗe su, na ce masa sai jibi, kuma ko minti ɗaya ban rage masa ba. Amma da na tuna aiken Kaka sai raina ya ɓaci. Daga Dungu zuwa Sakasaka, yamma uku, ga gajiya, ga aiki. Na ce a raina wannan ai aikin minti biyu ne. Na jefa almakashin ƙarfe a jaka na hau babur.

Na tarar an hura mata wuta a tsakar gida, ita da ta daina dafa mai tun tuni. Tana kan kujerar nan tata. Kusa da murhu ga wani ɗan gwangwanin madara da curin man kaɗe a ciki, gefensa ya fara narkewa. Na gani. Wallahi na gani, ba zan ce ban gani ba. Na gaishe ta a tsaye, na kama hannunta na ce bari in duba. Ta miƙo, don ta yarda da ni. Na zura cokali tsakanin fata da tagulla, na ɗora almakashi, na danna. Na juya, na sake dannawa. Munduwar ta faɗi gida biyu a kan zanenta.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki ɓarin biyu ta haɗa bakinsu, suka rabu, ta sake haɗawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Har ka gama, maigida?"

Na ce na gama, yanzu hannun zai huta.

Ta ce, "To, sannu da aiki. Da ma na tanadar maka tatsuniya uku, waɗanda ban taɓa yi muku ba. Kowace yamma ɗaya."

Na ce zan dawo in ji su in aiki ya lafa. Ta gyaɗa kai, ta sa ƙafa ta janye gwangwanin daga bakin wuta. Bayan kwana biyu notin Kwabena huɗu suka kwance lafiya lau, ko ɗaya bai karye ba. Wata tirelar ta shigo, wata ta biyo ta. Kafin in koma Sakasaka in zauna, sai zaman makoki.

Na kai munduwar wurin mai walda ya haɗa ta, amma tabon na nan a wuri biyu, yatsa na jin sa. Ranar da na ba Memuna ta tambaye ni me ya same ta. Na ce tsufa ne. Ƙarya na yi wa 'yata, kuma sai bara na iya zaunar da ita na gaya mata gaskiya.

Na yi shekaru ina ɗauka cewa tatsuniyar Ladi a kan zaɓen mai take, har ina taƙama na fi kowa gane ta. Ashe rabi na ɗauka. Tsohuwar nan ba shafa mai kawai ta yi ta tafi ba, zama ta yi kusa da yarinyar yamma uku. Ni na iya ba notin baƙo kwana biyu, na kasa ba matar da ta raine ni yamma ɗaya, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba. Yanzu in na ɗiga wa noti mai na naɗe shi, ba na tafiya shan shayi kamar da. Nakan zauna a kan tsohuwar taya ina jira, ina ta ƙoƙarin cankar abin da ke cikin tatsuniyoyin nan uku. Na tambayi duk jikokinta, ba wanda ta taɓa yi wa ko ɗaya.