Sa Hannun Sista

A wani asibitin haihuwa a Safa, can ƙasar waje, Mastura, wata ma'aikaciya a wurin, ta kasa zama wuri ɗaya. Idonta na kan wata nas 'yar Filifin, siririya, furfura na leƙowa daga hularta.

"Kwamiti ya amince, sista," in ji likita. "Ragowar 'yan tayin da muka daskarar za su tafi ɗakin bincike. Yalla, yi sauri, sa hannu a takardar nan."

Nas tana ɗaukar biro tana ajiyewa, ɗaya hannun na jan carbi a ɓoye cikin aljihu. 'Yar Katolika ce, Mastura ta ayyana a ranta, wataƙila iƙamarta, takardar izinin zama da aiki, ke ciyar da gida guda can ƙasarsu.

Nas ta ture takardar a hankali. "Rayuka ne, dakta. Ka kira kafilina da ya kawo ni aiki, ko da gida zai mayar da ni."